Idon Dare Na Bindiga: Gani Daban, Ganewa Daban

A wannan wata za mu ɗan kauce daga zancen kasuwa da muka saba, domin wata gardama da aka yi a gabanmu ta hana mu sakat, har sai da muka bi diddiginta.

Ran wata Asabar da dare muna zaune a teburin mai shayi a bakin zango, sai ga wani ɗanmu boga da ya zo hutu daga Hambug ta ƙasar Jamus. Bayan an gaisa an tambayi mutanen can, sai ya zaro wayarsa ya nuna mana wani ɗan gajeren fim. Duhu ne ƙirin, amma ga aladen daji nan fari fat suna tonon gona. Can sai aka ji ƙarar bindiga, ɗaya ya faɗi. Ya ce wata na'ura ce da a ke maƙalawa a gaban madubin bindiga, watau madubin nan na hangen nesa da maharba su ke saiti da shi. Wai da ita dare ya zama rana, mutum yana iya harbin dabba daga mita 1,000 ko babu farin wata. Ya ce in ya koma zai nemo wa yayansa guda, saboda gyazbi da gada sun addabi gonarsa a wajen Ejura.

A cikinmu akwai wani dattijo, tsohon maharbi, wanda ya shekara fiye da 40 yana shiga daji da fitilar goshi. Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, sa'an nan ya mayar, ya ce, "Ɗana, wannan abu naka, in ya nuna maka abu yana motsi, yana gaya maka ko wane ne?" Boga ya ce, "Haba Baba, ai kayan Bature ne!" Aka yi dariya aka bar zancen. Mu dai tambayar ta tsaya mana a rai, domin kuwa ita ce tambayar da injiniyoyin da su ka ƙera abin su ka daɗe suna yi wa kansu.

Neman gani da dare ba yau aka fara ba. A 1945, dab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa sun ɗaura wa wasu bindigoginsu wata na'ura mai suna Vampir, wadda sai soja ya goya batirin da ya fi kilo 13 kafin ta yi aiki. Amurkawa ma sun gwada irin tasu a tsibirin Okinawa a wannan shekara. Duka biyun sai da fitila mai hasken infared, hasken da idon ɗan Adam ba ya gani. A shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam, aka fito da wadda ba ta bukatar fitila, hasken wata da na taurari kawai ta ke tarawa. Ita ce kakar waɗanda a ke sayarwa yau.

Zuciyar na'urar wata 'yar kwalba ce, faɗin fuskarta milimita 18, kamar farcen babban yatsa. Ɗan hasken da ya shigo yana bugun fuskar gaba, ya tayar da ƙwayoyin lantarki. Ƙwayoyin su bi ta wani siririn faranti mai miliyoyin ƙananan ramuka, a cikin kowane rami su hayayyafa, sa'an nan su faɗa kan wani ɗan allo a baya ya yi haske. Abin da mutum ya ke gani ke nan, kore, ko kuma fari da baƙi a sababbin. Kwalba mai kyau tana ninka haske sau dubbai masu yawa. Wannan gaskiya ne, ba ƙaryar 'yan talla ba ce.

To, me ya sa a ke maƙala ta a gaban madubin rana? Dalilin mai sauƙi ne. Maharbi ya ɓata lokaci da harsashi ya daidaita madubinsa da bindigarsa, ba ya son ya cire shi kowace magariba ya ɗaura wani. Sai ya bar shi inda ya ke, ya ɗora idon daren a gabansa, in gari ya waye ya cire. Dabara ce mai kyau. Amma a nan ne kuma gizo ya ke saƙar.

Da rana, madubin bindiga dajin kansa ya ke kallo. In ka murɗa shi daga ninki 5 zuwa ninki 25, sai abin da ba ka gani a da ya bayyana: ƙahon dabba, kunnenta, har ƙudan da ke bayanta. Da dare kuwa, da zarar an maƙala na'urar, madubin ya daina kallon daji. Ɗan allon nan mai faɗin farce ya ke kallo. Watau hoton hoto ka ke gani. Mai karatu ya ɗauki hoton da ke shafin farko na wannan jarida, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan fuskar wanda ke ciki. Ba za ka ga gashin girarsa ba. Ɗige-ɗigen tawada za ka gani, kuma duk yadda ka ƙara girman, ɗigon ne zai ƙara girma. Abin da bai shiga hoton ba tun farko, babu gilashin da zai fito da shi.

Masana suna auna kaifin kwalbar da tagwayen layi, baƙi ɗaya fari ɗaya, su ƙidaya nawa za ta iya rarrabewa a cikin milimita guda. Masu tsada suna kai wa 64 zuwa 72. In aka kwatanta da ƙarfin lafiyayyen ido, a na'ura mai matsakaicin girma, da madubi ya kai ninki 4 ido ya riga ya kwashe kusan duk abin da kwalbar ta ke da shi. Maharba su kan ƙara zuwa 6, ko 8, ko 10, don ido ya huta, ba don wani sabon abu ya fito ba. Wanda ya murɗa zuwa 25 kuwa, kimanin milimita ɗaya da rabi na allon ya ke kallo, ya baza shi ya cika masa ido, ga shi hoton ya dushe saboda hasken da ke isowa idonsa ya ragu. Ya biya kuɗin madubi mai ninki 25, dare ya mai da shi mai ninki 8.

Yanzu mu koma kan tambayar Baba. A 1958 wani masani mai suna John Johnson, wanda ke aiki a ɗakin binciken gani da dare na sojan Amurka, ya zaunar da mutane ya riƙa nuna musu hotunan motoci da tankoki da sojoji ta cikin irin waɗannan kwalabe. Abin da ya gano har yau da shi a ke lissafi. In abu ya sami tagwayen layi 1 a faɗinsa, mai kallo zai ce akwai wani abu a can. In ya sami 4, zai iya cewa mota ce ko mutum ne. Kafin ya tantance ainihin wace iri ce, sai ta sami kimanin 6 da rabi. Kuma, a lura da wannan, ko an cika waɗannan sharuɗɗa, sau ɗaya cikin biyu ne mai kallon zai dace. Johnson ya raba abin da boga ya haɗa: hango abu mataki ne, gane jinsinsa wani mataki ne, tantance shi kuma wani ne dabam.

Mu yi lissafin tare, ba shi da wuya. A ce gilashin gaban na'urar yana tara hoto a tazarar milimita 100, wanda ba ƙarami ba ne a wannan fanni. A ce kuma abin da a ke kallo faɗinsa rabin mita ne, kamar jikin gada babba, ko kafaɗun mutum. A nisan mita 500, hotonsa a kan kwalbar kashi ɗaya cikin goma ne na milimita. In ka ɗauki kashi ɗaya cikin goma na 64, ka sami 6.4. Watau a mita 500, da kwalba mafi kyau, maharbi yana daidai bakin iyakar Johnson, inda dacewa da kuskure su ke kunnen doki. A mita 1,000 da boga ya ambata, abin ya koma 3 da ɗoriya, bai ma kai matsayin a ce dabba ce ko mutum ba. Wani tabo ne kawai mai motsi.

Wannan lissafi ma mun yi wa na'urar alfarma. Lambar 64 ɗin nan a ɗakin gwaji a ke samunta, da allo mai layi baƙi ƙirin da fari fat, da isasshen haske. Daji ba haka ya ke ba. Gada launin ciyawa gare ta, don haka aka halicce ta. Sa'an nan dare ma suna ya tara. Hasken daren da wata ya cika ya ninka na daren taurari kaɗai sau 100 ko fiye, in kuma hadari ya rufe taurarin, sai a sake raba abin da ya rage gida goma. A irin wannan dare ƙwayoyin hasken da ke isowa kwalbar ba su isa su zana hoto ba, sai allon ya cika da yayyafi, kamar talabijin ɗin da iska ta juya wa eriya. Kwalba tana ninka abin da ta samu, ba ta ƙirƙiro abin da ba ta samu ba. In kuwa ƙarƙashin itatuwa ne, kamar gonakin koko na Asante, ko wata ya cika ba ya isa ƙasa.

Masu sayarwa sun san haka, shi ya sa su ke haɗa wa mutum da fitilar infared. Tana taimakawa a kusa. Amma ciyawar da ke gaban maharbi ita ce ta fara mai da hasken, ta yi fari ta kashe masa abin da ke nesa. Lokacin hunturu kuwa, in hazo ya sauko, sai dai mu tuna wa direbobinmu na hanyar Tamale abin da ke faruwa in sun kunna babbar fitila cikin ƙura: bango fari kawai su ke gani. Haka kuma fitilar gida ɗaya a can nesa, ko wutar makiyaya, ta kan yi kumburi a allon ta haɗiye duk abin da ke gefenta. Akwai kuma wata 'yar matsala da ba ta shafi hoto ba. In na'urar ta karkatar da haske ko da ƙanƙani ne, har saiti ya goce da santimita 3 a mita 100, to a mita 500 ya zama santimita 15, kuma maharbin ba zai ga alamar komai ba.

Wani zai ce ai fim ɗin boga ba irin wannan kwalba ba ce, tun da aladen fari su ka fito. Haka ne. Waccan ita ce mai ganin zafin jiki, ba ta bukatar haske ko kaɗan. Dole ma a sa ta a gaban madubi, domin irin hasken zafi da ta ke karantawa ba ya ratsa gilashin da muka sani, sai wani na musamman mai tsada da a ke yi da ma'adinin jamaniyam. Wajen hango abu mai rai babu kamarta. Amma wajen ganewa ta fi 'yar'uwarta rauni. Mai kyau a cikinsu ɗigo 640 ne a kwance, 512 a tsaye, jimla 327,680, alhali kyamarar wayar da ke aljihun ɗan makaranta tana da miliyan 12 ko fiye. In gilashinta milimita 50 ne, a mita 500 kowane ɗigo ɗaya yana wakiltar santimita 12 na daji. Abin nan mai faɗin rabin mita ɗigo 4 ya samu. Ɗigo 4! Kafin ya cika sharaɗin Johnson na tantancewa, sai an matso zuwa wajen mita 160. Masu arha, rabin haka.

A jikin kwalin kuwa za ka ga an rubuta tana gani har fiye da mita 2,000. Ba su yi ƙarya ba, amma ba su faɗi gaskiya duka ba. Nisan hangowa su ka rubuta, watau inda abu zai fito a matsayin ɗigo ɗaya ko biyu masu haske. Ba su ce za ka san ko mene ne ba. Kuma a ƙasa mai zafi kamar tamu, dutse da suri da kututturen da rana ta gasa suna riƙe zafinsu har tsakar dare. Mutumin da ya durƙusa yana duba tarko, da akuyar da ta ɓata, da ɗan maraƙi a kwance, duka fararen dunƙule ne iri ɗaya. Ba launin riga, ba fuska.

Kada a ɗauka wannan matsalar talaka ce mai sayen kayan arha. A Yaƙin Tekun Fasha na 1991, babu rundunar da ta kai ta Amurka kayan gani da dare. Tankokinta suna hango zafin injin mota daga nisan kilomita biyu, uku, cikin duhu da ƙura, kuma igwarsu tana kai wa can. Abin da madubin bai iya ba shi ne ya ce motar ta wane ce. Daga cikin sojojin Amurka 148 da aka kashe a fagen fama, 35 wutar 'yan'uwansu ce ta kashe su, kuma da yawa daga cikin waɗannan kurakurai ta cikin irin wannan madubi aka yi su. Bayan yaƙin sai da aka ƙirƙiro wasu faranti na musamman da a ke liƙa wa motocin yaƙi, waɗanda ke fitowa da wata alama a madubin zafi, don a san na gida. Horarrun sojoji ke nan, da rediyo, da taswira, da kwamanda a kansu.

To, yaya Jamusawan da boga ya ke yabo su ke yi da ita? Su ma bukata ce ta kai su. Aladen daji sun yi musu yawa, har a kakar farauta ta 2019 zuwa 2020 an harbe fiye da 880,000. Ga kuma wata annobar zazzaɓin aladu tana matsowa daga Polan, cutar da a ke laƙaba wa sunan Afirka saboda a Kenya aka fara bayyana ta a 1921. A watan Fabrairu na 2020 aka gyara dokar makamai, aka yarje wa masu lasin farauta su maƙala irin wannan na'ura, a watan Satumba kuma cutar ta ɓulla a jihar Brandenburg. Daga nan ne kasuwar ta buɗe, fina-finan talla su ka cika intanet. Amma maharbin Jamus ba daga mita 1,000 ya ke harbi ba. Yana zaune ne a kan wata doguwar rumfa ta katako a bakin gona, galibi tazarar ba ta kai mita 100, kuma daga sama ya ke harbi ƙasa, don in ya kuskure harsashin ya shige turɓaya. Kafin a ba shi lasin sai ya ci jarrabawa mai wuya, kuma in ya harbe uwa mai shayar da 'ya'ya, laifi ne da kotu ta ke hukuntawa. Saboda haka tilas ya san ba jinsin dabbar kaɗai ba, har ko mace ce ko namiji. A Amurka kuwa, masu gasar harbin nesa da dare farantin ƙarfe su ke harbi, wanda su da kansu su ka kafa, su ka auna nisansa tun da rana. Faranti ba ya bukatar a gane shi, kuma ba shi da iyali.

Dajinmu da dare ba kango ba ne. Akwai makiyayi da ke bin sawun saniyarsa, akwai masu ƙona gawayi da ke kwana a bakin raminsu, akwai yaran da ke tsintar dodon koɗi bayan an yi ruwa, akwai manomin da ya kwana gadin doyarsa, akwai kuma wani maharbin. Duk wanda ke sauraron labarun rediyo ya sha jin an ce maharbi ya harbe abokinsa ya ce ya ɗauka nama ne. Da bindigar gargajiya ko mai harsashin gubar tsuntsu a ke yin wannan ɓarna, a tazarar da jifa ma za ta kai. Harsashin raifal kuwa yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye in bai sami abin da ya tare shi ba, kuma abin da ke bayan dabbar shi ne abu na farko da ke ɓacewa a allon. Ba banza ba dokokin kare namun daji na 1971 su ka hana farauta da fitila, su ka kuma rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba. Duk wanda ke tunanin aiko da irin wannan kaya, ya fara sa a tambayar masa ofishin gandun daji da na 'yan sanda, ya kuma sani ƙasashen da ke ƙera masu kyan, musamman Amurka, ba su barin a fita da su sai da izni. Ba ma so mu ji an tsare ɗan zango a filin jirgi saboda tsaraba.

A ganinmu, in har na'urar tana da amfani ga mai gona, to a hannu ne, ba a kan bindiga ba. Mutum ya tsaya a bakin bukkarsa ya duba ko akwai abin da ya shigo, ya yi ihu ko ya buga gwangwani. Nan ƙarfinta ya ke, domin hangowa kaɗai a ke bukata. Da zarar an ɗaura ta a bindiga, duk abin da ka juya ka duba, bakin bindiga ka juya masa.

Bayan mako guda muka sake haɗuwa a teburin mai shayi, muka karanta musu abin da muka tattara. Baba ya ce shi lissafin bai shige shi ba, amma ya san da fitilar goshi ido biyu kawai ka ke gani suna ƙyalli, kuma ubansa ya hana shi taɓa kunamar bindiga sai ya ga kunne da ƙafa. Ya ce akwai daren da ya bi wasu idanu har ya kusa taɓa su, ashe karen wani Bafulatani ne, ga mai shi nan kwance a bayansa ya lulluɓa da bargo. Boga dai bai sallama ba, ya ce a sake kallon fim ɗin a gani. Aka sake kunnawa. Wani ɗan makaranta da ke leƙe ta bayanmu ya nuna wasu ƙananan lambobi a kusurwar hoton, waɗanda duk ba mu lura da su ba a karon farko. Ma'aunin nisa ne na na'urar, ya rubuta mita 62.

Boga ya ce to ai wannan na gwaji ne. Baba ya miƙa kofinsa ya ce a ƙara masa sukari.